Farar Ƙwayar Da Ta Cika Kumatun Sa'idu

Wata huɗu ke nan da muka binne ƙanena Sa'idu, kuma har yau idan wani ya dafa kafaɗata ya ce kwana ne ya ƙare, sai in kawar da kai. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ta ba. Amma ƙaddara ba ta hana a faɗi wanda ya yi sakaci, kuma a wannan jinya masu sakaci suna da yawa, ni ne na gaba a layinsu. Na rubuta wannan ne domin wanda yake da ramammen majinyaci a gida ya karanta kafin ya aika kemis.

Sunana Lawal. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ta wajen Kiru, ina dawowa gida Tiga ranar Juma'a da yamma in koma Litinin da sassafe. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna ce ta riƙe mu mu biyu. Ni na bi boko, Sa'idu ya bi ruwa. Masunci ne, yana da kwalekwalensa da komarsa, yana da matarsa Bilki da 'yarsu Hafsa mai shekara uku. Shekararsa ashirin da takwas. Mutum ne mai tsokana, ba ya kirana Yaya sai in yana son wani abu, sauran lokuta Furofesa yake ce mini, wai don na san sunan kowace ƙwayar cuta amma ban iya ɗaura ƙugiya a fatsa ba.

Ciwon ya fara ne bayan girbin gero. Murɗawar ciki a ƙasan cibiya ta hannun dama, da gudawa sau huɗu sau biyar a yini. Makon farko ya sha jiƙon sabara ya ci gaba da shiga ruwa. Mako na biyu Bilki ta matsa masa ya je wani ɗakin gwaji, aka ɗebi jini, kafin ya gama gyara hannun rigarsa an ce taifod ce. Aka yi masa allurai na kwana biyar. Mako na huɗu gudawa tana nan, aka koma, aka ce taifod ɗin ce ba ta mutu ba, aka canza allura. A cikin wata uku sau uku ana kashe taifod ɗin nan tana tashi. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya kai jininsa ɗakin gwajin nan ya fito ba shi da taifod ba. Ina jin ko ruwan dam ka ɗiba ka kai musu, takardar da za su ba ka ke nan.

Daga nan bakinsa ya fara fashewa da gyambo, ko kunu ya sha sai ya runtse ido. Sai wani maruru ya fito masa kusa da dubura, ya fashe, ya ƙi warkewa, kullum yana tsatsafo da ruwa. Nan fa aka ce an gano bakin zaren, ai basir ne. A garinmu duk wanda ya zo dubiya likita ne, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Wannan ya kawo sassaƙe a leda, wancan ya kawo gari a ƙullin takarda, wani ƙanen Inna ya yi takakkiya daga Doguwa da jarka cike da baƙin jiƙo mai ɗaci, ya zauna bai tafi ba sai da ya ga an shanye kofi biyu a gabansa. Ba a mayar wa babba maganinsa, haka aka taso da mu. Sa'idu ya sha duk abin da aka miƙa masa, ya yi godiya, ya ruga bayi.

Zuwa wata na biyar ya zama abin tausayi. Wandonsa sai da igiya, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Kuma kun san abin da mutanenmu suke faɗa idan saurayi ya rame yana gudawa ga gyambo a baki. Ba wanda ya faɗa a gabanmu. Sai dai dillalan da suke rububin karfasarsa a bakin ruwa suka fara wuce kwalekwalensa suna kallon wani waje. Abokan cin tuwonsa na ƙofar gida suka riƙa zuwa a ƙoshe. Bilki ta je suna a maƙwabta, aka ba ta ruwa a wani kofi daban, ta dawo tana kuka. Sau uku na kai shi gwajin ƙanjamau a wurare uku, duka babu. Inna, wadda ba ta karatun boko, ta riƙa ɗaure takardun a gefen zanenta tana nuna wa duk matar da ta shigo. Suna dubawa su ce Allah ya ƙara tsarewa, su fita su ci gaba da abin da suke faɗa. Wannan ne ya fi ciwon cin ran Inna, kuma sai daga baya na gane cewa daga lokacin nan bakin mutane muka koma yi wa magani.

Da hutun makaranta ya zo na sa shi a mota muka tafi babban asibiti a Kano. Wanda bai taɓa bin layin kati da majinyaci mai gudawa ba bai san wulaƙanci ba. Ka fito daga Tiga da asuba, ka tarar da mutum sama da yadda ido zai ƙirga, bayi ɗaya ne ke aiki, shi ma ba ruwa. Duk lokacin da Sa'idu ya tashi ya tafi bayi sai mu rasa wurinmu a benci. Wata dattijuwa daga Tudun Wada mai jinyar mijinta ce ta lura, ta riƙa ɗora jakarta a wurinsa tana faɗa da duk wanda ya matso. Ban san sunanta ba, Allah ya saka mata da alheri.

Likitan farko ya duba hoton ciki ya ce yana zargin tarin fuka ne ya kama hanji. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, ƙwayoyi manya masu mayar da fitsari ja. Wata uku yana sha, ko alamar sauƙi babu. Wannan likitan ban riƙe shi da komai ba, domin daga baya an bayyana mini cewa cututtukan biyu suna kama da juna ƙwarai, kuma a ƙasarmu tarin fuka ne ya fi yawa. Abin da na riƙe shi ne sati shida da muka yi muna jiran a leƙa hanjinsa da na'ura, yau an ce ta lalace, gobe an ce mai yi ya tafi taro. A sati shidan nan Inna ta sayar da tumakinta, ni na sayar da babur.

Da sakamako ya fito aka tura mu wurin wata likitar hanji, mace mai ƙaramin jiki da tabarau. Ita ce mutum ta farko da ta kalli Sa'idu a ido ta tambaye shi sana'arsa. Ta ce cutar sunanta Kuron, ba taifod ba ce, ba basir ba ne, ba ta yaɗuwa, kuma ba wani ne ya yi masa ba. Da ta ji ina koyar da kimiyya sai ta juya bayan wata takarda ta ɗauki biro. Abin da ta faɗa yana nan a kaina kamar yau aka yi.

Ta ce a cikin fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki akwai wasu da ake kira ƙwayoyin T masu taimako. Su ba sa faɗa da kansu, aikinsu kiran mayaƙa, kamar mai busa usur a cikin 'yan sintiri. Kuma kashi-kashi ne, kowane da irin busarsa. Akwai masu kiran yaƙi a kan cutar da take ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki, irin tarin fuka. Akwai masu gadin bangon hanji da fata. Akwai na tsutsar ciki. Akwai kuma waɗanda aikinsu su ce ya isa, kowa ya koma gida. Da can an ɗauka kowacce ƙwaya da aikinta guda har ta mutu. Sai masu bincike suka gano akwai masu ruwa biyu: ƙwaya ta fara a matsayin mai gadin hanji, sai ta ɗauko busar waɗancan na farko ta haɗa da tata, ta zama tana kiran runduna biyu a lokaci guda. Ta ce wannan ba aibu ba ne a karan kansa, a wasu cututtukan irinsu ne suke ceton mutum. Amma a hanjin masu irin ciwon Sa'idu ana samun su da yawa, suna ta busa alhali babu ɓarawo, mayaƙa kuma suna zuwa su auka wa hanjin da aka ce su tsare. Ta ce ba ta da na'urar da za ta nuna mana su a nan, kuma har yanzu masana ba su gama sanin abin da yake sa su rikiɗa ba.

Sa'idu ya saurara har ta gama, ya ce, "Wato likita, masu gadin nawa ne suke cin gidan?"

Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Ta ce saboda haka jikinsa ba ƙarin ƙarfin garkuwa yake buƙata ba, a lallashe ta yake so ta sassauta.

Ta rubuta magani biyu. Ɗaya farar ƙwaya ce 'yar ƙarama, furednisolon. Ɗayar rawaya ce. Ta ce farar tana aiki da sauri, za ta kashe wutar cikin 'yan kwanaki, amma ba a zama da ita. Za a fara da yawa a riƙa ragewa duk mako har a daina cikin wata biyu, ta zana mana jadawalin da hannunta. Rawayar ita ce ta zaman dindindin, sai dai tana da nawa, takan yi wata uku kafin a ga aikinta, kuma dole a riƙa zuwa gwajin jini. Sannan ta cire tabaraunta ta dube ni, ni kaɗai.

"Malam, farar nan za ta kumbura masa fuska. Mutanen gida za su ce ƙiba ce. Ba ƙiba ba ce. In aka daɗe ana sha tana cin ƙashi, tana kawo ciwon suga, kuma tana ɓoye ciwo. Hanjinsa zai iya hujewa bai ji zafin da zai sa ku kawo shi ba. Kai ne mai karatu, amanarsa tana hannunka."

Na ce in sha Allahu. Na faɗa da ƙarfina, har da ɗan jin haushin wai ni za a yi wa wannan gargaɗi.

Kwana biyar da fara farar ƙwaya gudawa ta tsaya. Mako na biyu Sa'idu ya cinye malmala uku ya nemi ƙari. Mako na uku kumatu suka fito, fuska ta yi tantsan-tantsan tana sheƙi. Inna ta yi sadakar waina. Ta riƙa sa shi ya zauna a ƙofar gida bayan la'asar don masu wucewa su gani, kuma sun gani. Abokan tuwo suka dawo da yunwarsu. Da ya koma ruwa, dillalan da suka guje shi su ne suka fara tare shi suna cewa ai su dama sun san sharrin mutane ne. Bilki ta je biki ta sha ruwa a kofin kowa. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na ji daɗi. Na san abin da likita ta ce, amma idan na dawo ranar Juma'a na gan shi a cike sai in ji sanyi a raina.

Sai ragewa ta zo. Duk mako ƙwaya tana raguwa bisa jadawali, kuma zuwa mako na bakwai ciki ya fara 'yar murɗawa, bayi ya koma sau uku. Likita ta riga ta ce hakan na iya faruwa kafin rawayar ta kama, in ya faru a dawo wurinta. Da farar ta ƙare, kumatu suka fara saɓewa. Rawayar kuwa tashin zuciya take sa shi, ga wahalar zuwa Kano gwajin jini, ga shi wata 'yar maƙwabta ta karanta wa Inna takardar cikin kwalin ta ce an rubuta yana rage garkuwar jiki. Inna ta ce ita ba ta ga dalilin da za a ba ramamme abin da zai ƙara karya shi ba.

Ranar wata Talata, ina makaranta, Inna ta ɗauki fankon farar ƙwayar ta tafi kemis ɗin bakin tasha. Mai kemis bai tambaye ta takardar likita ba, bai tambayi waye ba shi da lafiya ba. Ya ce ai wannan sananniya ce, mata ma suna saye don su yi jiki, nawa take so? Ya ba ta, ya ce a sha shida kullum da safe tunda da shida aka fara. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Ya san abin da yake sayarwa, yana da karatun da zai karanta kwalin, amma ya miƙa wa tsohuwa kamar alewa.

Sati uku ban sani ba. Na dai ga fuska ta dawo, na ce a raina rawayar ce ta kama aiki, har ina yabon kaina. Bilki ce ta tare ni a zaure wata Asabar, tana waige-waige, ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini fankon. Ta ce rawayar kuma tana cikin kwalla a ɗakin Inna, an daina ba shi tun tuni. Ta ce ita suruka ce, ba ta da bakin magana, amma ta ji abin da na ce likita ta faɗa.

Na shiga ɗakin Inna raina a ɓace. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani, na kawo zancen masu busa usur, na kawo zancen ƙashi da suga da hujewar hanji. Ta bar ni na kai aya tana jan carbi.

"Ka gama?" in ji ta. "Wata tara ina kallon ɗana yana narkewa, ana nuna ni da baki a garin nan. Kai kana can makaranta, ni nake wanke masa wando. Yanzu Allah ya kawo abin da ya tashe shi, ka zo ka ce in daina don wata yarinya mai tabarau ta zana maka hoto? Dube shi can. Wannan ne marar lafiya?"

Na leƙa ta taga. Yana tsakar gida yana gyaran koma, Hafsa a kan cinyarsa, kumatu kamar an hura.

Na ce, "Inna, kumburi ne."

Ta ce, "In ka ɗauke maganin nan daga gidan nan ya koma yadda yake, ban yafe maka ba."

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san nauyin wannan kalma. Na tashi na fita. Na sami Sa'idu na ce masa ya ji tsoron Allah ya ji tausayin kansa. Ya ce, "Yaya, ka bar ni in ci tuwo. Ka san yadda ake ji mutum ya miƙa hannu a ƙi karɓa?" Yaya ya ce, ba Furofesa ba. Na juya na bar shi da komarsa.

Ga laifina, kuma ba zan rage masa komai ba. Ranar komawa asibiti ta zo bayan kwana goma. Da na kai shi, da likita ta ga fuskar nan ta gane, da ta san yadda za ta janye shi daga ƙwayar a hankali, domin ita ma ba a yanke ta rana ɗaya. Wataƙila ma da ta kira Inna ta yi mata bayani da bakinta, mace da mace. Amma kunya ta hana ni. Na kasa tunanin tsayawa gaban matar nan in ce malamin kimiyya ya kasa hana tsohuwa zuwa kemis. Na ce sai wata mai zuwa, in na lallashi Inna. Wata mai zuwa na ce sai an gama jarrabawa. Wata nas daga asibitin ta kira wayata sau biyu, ina kallo har ta katse. Ina shiga aji in koya wa 'ya'yan mutane yadda garkuwar jiki take aiki, in dawo gida in ga ƙanena yana haɗiyar shida da kunu, in kawar da kai.

Wata biyar aka yi haka. Alamu kuwa sun yi ta zuwa, sai dai kowacce Inna tana da fassararta, ni kuma ina da shiruna. Cikinsa ya yi tulu, ƙafafu suka sirance, wani tudu ya fito a bayan wuyansa. Fatar cikinsa ta yi zane-zane ja. Ƙaramar ƙaya ta soke shi a ruwa sai wurin ya zama gyambo na sati uku. Yana shan ruwa kamar raƙumi yana fitsari ba iyaka. Ya fara kasa tashi daga tsugune sai ya dafa bango. Mutanen gari kuwa cewa suke Sa'idu ya zama alhaji, kifi ya karɓe shi.

Ranar wata Laraba ya ce wa Bilki cikinsa ya ɗan yi nauyi, ya ƙi karin kumallo. Ba zazzaɓi, ba murƙususu. Alhamis ya fita ruwa, ya dawo da wuri ya kwanta. Juma'a da na iso bayan masallaci na tarar da shi a kan tabarma yana gumi mai sanyi, cikin ya kumbura, numfashi sama-sama. Na tambaye shi ciwo, ya ce kaɗan ne, gajiya ce kawai. A take maganar likita ta faɗo mini. Na fita da gudu neman mota.

Asibitin kusa suka sa masa ƙarin ruwa suka ce mu wuce Kano. Muka isa da magariba. A nan kam ba a ɓata lokaci ba, ina gode wa matasan likitocin da suka karɓe shi, sun yi iya ƙoƙarinsu. Da aka buɗe shi aka tarar hanjin ya huje, ƙazanta ta cika ciki, kuma mai tiyatar ya ce ya kai kwana biyu da hujewa. Da mutum ne da ba ya shan ƙwayar nan, in ji shi, da ihunsa kaɗai ya isa a kawo shi tun ranar farko.

Washegari da hantsi likitar hanji ta zo zagaye ta gan shi a gado da robobi a hanci. Ta kalli fuskarsa, ta kalli wuyansa, ta buɗe fayil ta ga rabonmu da zuwa. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ta zage ni. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: wata nawa? Na ce biyar. Ta ce ka sani? Na ce na sani. Ta rufe fayil ɗin ta juya wurin nas tana ba da umarnin allurai. Har ta bar ɗakin ba ta sake kallona ba, kuma ta yi daidai.

Kwana huɗu ya yi. Jikin da aka danne masa garkuwa wata biyar bai iya yaƙar abin da ya zuba a cikinsa ba, ɗinkin ma ya ƙi kamawa. Ranar Talata da azahar ya cika, Bilki tana riƙe da ƙafarsa, ni ina masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Ina jin haushin masu gwajin da suka cinye mana wata uku da taifod ɗin ƙarya. Ina jin haushin mai kemis, wanda har yau shagonsa a buɗe yake, ya ma zo gaisuwa ya zauna a tabarmarmu. Ina jin haushin mutanen garinmu, masu auna lafiyar mutum da kumatunsa, waɗanda suka ƙi cin tuwo da shi yana ramamme suka yi masa kirari yana kumbure, sannan suka cika maƙabarta suna cewa ikon Allah, mutum da ƙibarsa. Inna kuwa na kasa jin haushinta yadda nake so. Ita abin da idonta ya gani ta bi, ba ita aka zana wa takarda ba. Wanda aka zana wa ya san komai, ya zaɓi kada uwarsa ta yi fushi da shi, kada kuma likita ta ga gazawarsa. Cutar Sa'idu ba ta warkewa, amma ana rayuwa da ita shekara da shekaru. Na ga masu ita a layin asibiti, sirara, suna zuwa da ƙafarsu suna komawa wurin aikinsu.

Kwanakin farko bayan mun dawo da gawa Inna ba ta yi mini maganar ƙwayar ba, ni ma ban yi mata ba. Tana zaune a ɗaki tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe, abinci sai an matsa mata. Ranar sadakar bakwai na shiga cikin gida ɗaukar tabarmi, mata cike da tsakar gida. Wata mata daga Badafi, dangin Bilki na nesa, ta matsa kusa da Inna ta yi mata gaisuwa, sannan ta rage murya. Ina bakin ƙofa, na ji komai. Ta ce 'yarta budurwa ta yi wata huɗu tana gudawa, ta rame har mutane sun fara magana. Ta ce ta ga yadda marigayi ya murmure kafin kwanansa ya ƙare, don Allah Inna ta taimaka mata da sunan maganin, ko da fankon ne ta kai kemis.

Na buɗe baki zan yi magana a gaban matan nan duka, in ya so a ce na yi rashin kunya a gidan makoki. Inna ta riga ni. Ta ɗago hannu, ta kira ni da sunan da ba ta taɓa faɗa ba tunda ni ɗan fari ne.

"Lawal, ajiye tabarmin nan ka zo ka zauna. Faɗa mata abin da likitar nan ta faɗa maka, tun daga farko, kada ka rage komai." Sai ta juya ga matar, hawayen da ta riƙe kwana bakwai suka zubo. "Ki saurare shi, 'yar nan. Ni ban saurara ba, da hannuna nake ƙirga masa shida kullum."